Batirin da ya maƙale wa 'yata a bututun abinci

Tana cikin wasa muka ɗauke ta zuwa asibiti. Duk wanda na ba labarin nan, a wannan gaɓar yake tsayar da ni, don a tunanin mutane yaron da ya haɗiyi abu mai haɗari sai an gan shi yana shure-shure, ido ya firfito, numfashi na sarƙewa. 'Yata ba ta yi ko ɗaya ba. Ta yi yunƙurin amai, ta ɗan yi kuka, ta koma kan kayan wasanta. Abin da kawai uwarta ta lura da shi, miyau ne da ke jiƙa mata gaban riga, alhali ta daɗe da daina dalala. Da aka miƙa mata ruwa kuma, ta kurɓa ta kawar da kai. Shekararta 2 da 'yan watanni a lokacin.

Wani ɗan rimot na fitila ne ya tona asirin. An tsince shi a ƙasa, murfin bayansa a buɗe, gurbin batirin wayam. Irin batirin nan ne mai faɗi, mai sheƙi, da ake sa wa makullin mota da ma'aunin nauyi da wasu agoguna. Muka ɗaga kujeru, muka kakkaɓe shimfiɗa, babu shi babu dalilinsa.

Mahaifiyata tana gidan. Ta dube ni ta ce, "Kai dai ka cika garaje. Yara nawa na raina? Kai kanka ka taɓa haɗiye kuɗin ƙarfe, washegari ka fitar da shi. A bar yarinya ta kwana, da safe a duba fo." Ba zan ce maganarta ba ta da tushe ba. Likitoci ma sun yarda cewa kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na abubuwan da ake haɗiyewa suna wucewa da kansu su fita ta bayan gida. Kashi 10 zuwa 20 ne ke buƙatar a zura na'ura a ciro, waɗanda ake kaiwa ga yanka ciki kuwa ba su wuce 1 cikin 100 ba. Iyayenmu sun ga wannan da idonsu shekara da shekaru, shi ya sa suke da nutsuwa. Sai dai a zamanin da suka yi rainon, babu wannan batirin a kowane lungu na gida.

Ƙanwar matata ma'aikaciyar jinya ce, ita muka kira. Ko gaisuwa ba ta tsaya an gama ba. Ta ce, "Yaya, ku fita yanzu. Kada ku sa mata yatsa a baki, kada ku sa ta amai, kada ku ba ta abinci. Akwai zuma a gidan? Ku ɗauko ta ku tafi da ita, a mota za ku ba ta. Ƙaramin cokali 2 duk bayan minti 10, kada ya wuce sau 6. Idan babu, kada ku tsaya nema." Ta ƙara da cewa in akwai ɗan'uwan batirin a kwalinsa, in sa shi a aljihu.

Zancen zumar nan ya zo mini banbaraƙwai, daga baya likita ya tabbatar mini da shi. A 2018 wasu likitoci a Amurka suka wallafa gwajin da ya nuna zuma tana lulluɓe batirin, tana rage kaifin sinadarin da yake haifarwa a jikin nama. Amma da sharuɗɗa: yaron ya kai wata 12, saboda zuma na da nata haɗarin ga jarirai, ba a fi awa 12 da haɗiyewar ba, kuma yana iya haɗiya, ba ya aman jini. Zumar ba ta fitar da batir, jinkirta ɓarnar kawai take yi kafin a isa hannun likita. 'Yata ta karɓi cokalin farko da na biyu, na gaba ta tofar da rabi a rigar uwarta.

A sashen gaggawa akwai layi. Na je wurin ma'aikaciyar da ke tantance marasa lafiya na ce yarinya ce ta haɗiyi abu. Ta ɗago ta dube ta, ta gan ta garau a kafaɗar uwarta tana wasa da ɗankunnenta, ta ce mu samu wuri mu zauna. Sai matata ta ce, "Sista, batir ne fa. Batirin rimot." Matar ta ajiye biro. Ta tashi da kanta ta shige gaba, muka bi ta, muka wuce duk mutanen da ke kan benci. Ga duk wanda abin ya samu, shawarata ya fara da wannan kalmar tun daga bakin ƙofa. "Ya haɗiyi abu" magana ce da suke ji kullum, kuma yawanci ba ta gaggawa ba ce.

Likitan ya karɓi ɗan'uwan batirin ya juya shi a tafin hannunsa. An rubuta CR2032 a kai. Ya ce lambar ita ce girman: 20 ɗin farko faɗinsa ne, milimita 20, 32 ɗin kuma kaurinsa, milimita 3.2. Ƙarfinsa bolt 3, ninki biyu na ƙananan batiran agogon hannu. Ya ce wannan girman ne ya fi ba su wahala, domin ya yi ƙanƙantar da yaro zai haɗiye shi, ya kuma yi faɗin da ba zai wuce ba.

Ɗakin hoto ya fi komai hargitsi a daren. Suka sa mini wata riga mai nauyi ta dalma, suka ce in riƙe hannayenta sama, uwarta ta danne ƙafafu. A nan ne ta fara kuka na gaske. Hoto biyu suka ɗauka, ɗaya ta gaba, ɗaya ta gefe, kuma tun daga wuya har ƙasan mara, don ba a san inda abin ya tsaya ba sai an gani.

"Malam, matso ka gani," in ji likitan. A kan kwamfutar ga haƙarƙarinta sirara, ga wani farin abu zagayayye tsakiyar ƙirji ta sama, daidai inda ƙasusuwan wuya suka haɗu. Da ni kaɗai ne, kuɗin ƙarfe zan ce. Ya ƙara girman hoton har gefen abin ya cika allon, ya sa bakin biro yana bi. "Ka ga layin biyu ne? Da'ira a cikin da'ira. Kuɗi layi ɗaya gare shi." Ya buɗe hoton gefe, ya nuna mini wani ɗan tudu a bakin abin, inda fuska ɗaya ta fi ɗaya faɗi. Batirin gwangwani biyu ne aka kifa ɗaya cikin ɗaya, shi ya sa yake ba da wannan siffar. Ya ce duk aikinsu a wannan matakin ya rataya ne a kan wannan ɗan bambancin. Idan kuɗi ne ya tsaya a bututun abinci kuma yaron yana numfashi lafiya, yana haɗiyar miyau, ana iya sa masa ido na wasu awanni, sau da yawa ya gangara ciki da kansa, in bai gangara ba a cire shi cikin awa 24. Batir kuwa ba a ba shi ko awa guda in da hali.

Ya kuma duba wace fuska ce ke kallon ina. Fuskar da ta fi ƙanƙanta, wadda ba rubutu a kanta, ita ce ke ƙona nama. A hoton 'yata tana kallon baya, wajen ƙashin baya. Ya ce hakan ya fi kwanta masa da a ce gaba take kallo, domin a gaba bututun iska ne ke manne da bututun abinci, bango da bango.

Na tambaye shi me ya sa ya tsaya a nan. Ya ce bututun abinci yana da wurare uku da yake tsukewa. Na farko can sama a ƙarshen maƙogwaro, inda wata tsoka take buɗewa da rufewa duk lokacin da mutum ya haɗiyi abu, kuma a nan ne yawancin abubuwa ke maƙale wa yara. Na biyu a tsakiyar ƙirji, inda babbar jijiyar jinin da ta fito daga zuciya da reshen bututun iska na hagu suka gitta. Na uku a ƙasa, bakin shiga tumbi. Abin da ya tsallake waɗannan ukun ya faɗa tumbi, yawanci ya tsira.

Ni a zatona batirin fashewa yake yi, ruwan cikinsa ya zubo. Ashe ko bai fashe ba yana aiki. Naman bututun a jiƙe yake, da ya naɗe batirin ta fuska biyu sai wuta ta fara gudana ta cikinsa. Wutar tana farfasa ruwan jikin naman, ta haifar da sinadari irin na sodar yin sabulu, shi kuma yana narkar da nama yana nutsawa ciki. Cikin minti 15 ɓarna ta fara, cikin awa 2 tana iya yin tsanani. Na ce masa ai batirin tsoho ne, rimot ɗin ma ya fara ƙin aiki sai an matsa da ƙarfi. Ya girgiza kai. Batirin da ya kasa kunna rimot yana da sauran wutar da za ta ƙona yaro.

Yana wannan bayanin yana waya. Kafin ya gama, likitar sa barci ta iso da takarda. Ta tambayi yaushe rabon yarinyar da abinci, tana da wata cuta, akwai maganin da jikinta ba ya so, akwai haƙorin da ke girgiɗi. Ta ce a ƙa'ida sai an yi kamar awa 6 ba a ci komai ba kafin a sa wa mutum barci, don kada abin da ke ciki ya dawo ya shiga huhu, amma a wannan halin ba za su jira ba, suna da hanyar da suke bi idan ciki ba wayam yake ba. Za su sa mata roba a bututun iska ta yadda ko amai ya taso, ko batirin ya kuɓuce wa hantsaki a hanyar fitowa, ba zai faɗa hanyar numfashi ba. Ta karanto mini abubuwan da ka iya faruwa: jini, hujewar bututu, canjin murya, yiwuwar a koma ga buɗe ƙirji. Ta karanta su da murya ɗaya, ba ta sassauta ko ɗaya ba. Na ji haushin hakan a lokacin, yanzu kuwa ina ganin gara haka. Na sa hannu.

Uwarta ce ta kai ta har bakin ɗakin tiyata. Zaman jiran ba ni da abin faɗa a kansa, kowa ya san yadda yake.

Likitan da ya yi aikin na ɓangaren kunne, hanci da maƙogwaro ne. Ya fito da wata 'yar roba mai murfi a hannu, ya ce, "Alhamdulillahi, an cire." Ya miƙo mini. Fuskar da ke da rubutu tana nan da sheƙinta, har ana karanta lambar. Na juya robar. Ɗaya fuskar ta yi baƙi ƙirin, da wani ɓamɓaroki ruwan ƙasa a zagaye, da 'yan zare-zaren abin da na gane daga baya nama ne. 'Yan awanni kaɗai ya yi a jikinta.

Ya zaunar da mu ya yi bayani dalla-dalla. Na'urar leƙa ciki iri biyu ce. Akwai miƙaƙƙen bututun ƙarfe mai fitila, akwai kuma tiyo mai lanƙwasa da kyamara a bakinsa, wanda likitocin ciki suka fi amfani da shi, yana iya kaiwa har tumbi da farkon hanji. Tunda nata a sama yake, da na ƙarfen ya shiga. Ya tarar batirin ya manne da bango, sai da ya lallaɓa ya ɓamɓare shi a hankali kafin ya kama bakinsa da hantsaki mai haƙora ya jawo. Cirewar ba ta ɗauki lokaci ba. Abin da ya ci lokaci shi ne komawa a duba wurin. Ya nuna mana hoto a wayarsa: lafiyayyen nama ja-ja mai laushi, sai kuma wani fili toka-toka da baƙi a tsakiya, ya ci kusan rabin zagayen bututun. Bai huje ba. Da ya tabbatar da haka sai ya wanke wurin da ruwan khal da aka tsarma sosai, kashi 0.25 cikin 100, don ya kashe ƙarfin sodar da ta rage a cikin naman. Ya leƙa bututun iska ya ga lafiya lau. Sannan ya zura mata siririyar roba ta hanci har tumbi, yana kallo da ido, don a riƙa ba ta abinci ba tare da ya bi ta kan ciwon ba.

Na ce, "Likita, ke nan gobe za mu tafi gida?" Ya yi ɗan murmushi. Ya ce wanda ya haɗiyi kuɗi, da an cire masa ya farka ya sha ruwa, shi ke nan. Ƙunar batir kuwa ba ta tsayawa ranar da aka cire shi. Naman da ya ƙone yana ci gaba da mutuwa yana zubewa, bangon yana ƙara sirancewa kwana da kwanaki, kuma abin da ke bayan bangon shi ne abin tsoro. Idan ya ɓula ta wajen bututun iska, duk abin da yaro ya sha sai ya shiga huhu. Idan ya taɓa jijiyar da ke motsa maƙogwaro, murya ta dushe. Mafi muni, ya ci har babbar jijiyar jini, kuma ana samun yaron da jinin ya ɓalle masa bayan mako 2 ko 3 da cire batirin, yana gida, kowa ya saki jiki. Ya ce sau da yawa akan fara ganin ɗan jini kaɗan a amai kafin babban ya zo, don haka ko ɗigo muka gani kada mu ce bari mu ga safiya.

Kwanakin ɗakin kwanciya sun fi daren farko wahala, nesa ba kusa ba. Yarinya ta farka da ƙishirwa, tana nuna kofi tana kuka, ba dama a ba ta. Ƙarin ruwa a hannu, maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, maganin rage tsamin ciki, robar hanci da aka manne da filasta a kumatu. Ta tsani robar nan. Sai da aka naɗe mata hannaye da bandeji don kada ta fizge. Mun daina shan ruwa a gabanta, in ƙishi ya kama mutum sai ya fita baranda. Ma'aikatan jinya suna zuwa auna zafin jiki dare da rana, suna latsa fatar wuyanta suna saurare, don idan iska ta tsere ta inda ya huje takan taru a ƙarƙashin fata tana ƙaras-ƙaras. An yi mata hoton sikanin na ƙirji don a ga ko kumburin ya kusanci manyan jijiyoyin jini. Bai kusanta ba.

Kafin a bar ta ta sa komai a baki, sai da aka koma ɗakin hoto. Aka ba ta wani ruwa da ke fitowa fari a na'ura, muna kallo a allo yana gangarowa. So ake a ga ko zai yoyo ta wani wuri. Ya sauka sumul har tumbi. A ranar aka ba ta ruwa a cokali, ta riƙe hannun uwarta da cokalin gaba ɗaya kada a janye. Daga nan abu mai ruwa-ruwa, sai mai laushi.

A zaman nan na ga yadda abu ɗaya yake da hukunci iri-iri. An kawo wani yaro da ya haɗiyi kuɗin ƙarfe, hoto ya nuna ya riga ya faɗa tumbi. Ko kwana bai yi ba. Aka ce uwarsa ta riƙa duba bayan gidansa, ya ci abincinsa yadda ya saba, kada a ba shi maganin zawo, in ba a gan shi ba a dawo a sake hoto bayan mako 1 ko 2, in kuma ciwon ciki ko amai ko zazzaɓi ya taso a dawo nan take. Maganar mahaifiyata ke nan, a inda ta dace. A gadon da ke kallonmu kuwa wata yarinya ce da ɗinki a ciki. 'Yan ƙwallayen maganaɗisu ta haɗiya na kayan wasa, ba a lokaci ɗaya ba. Guda ɗaya da ya wuce abinsa. Amma da suka zama da yawa, wasu suna wannan lanƙwasar hanji wasu suna waccan, sai suka jawo juna suka matse bangon hanji a tsakaninsu har ya mutu ya huje. Babanta ya ce mini kwana da kwanaki suna ba ta maganin ciwon ciki, ba wanda ya san ta haɗiyi komai.

Wani matashin likita da ke kwana a ɗakin yana son hira, ni kuma barci ya ƙaurace mini, sai na riƙa yi masa tambayoyi. Ya ce abu uku suke tambayar kansu: mene ne, ina yake, tun yaushe. Abin da faɗinsa ya wuce santimita 2.5 da wuya ya fita daga tumbi, wanda tsawonsa ya wuce santimita 6 kuma ba ya iya shan kwanar farkon hanji, don haka ana cire su ko ba sa damun mai su. Abu mai tsini, allura ko tsinken sakace ko buɗaɗɗen fil, ana bin sa a ciro muddin na'ura za ta kai gare shi, a kamo shi ta yadda tsinin zai biyo baya, wani lokaci a sa wa na'urar riga ta roba don kada ya yage bango a hanyar fitowa. Suna da hantsaki kala-kala, da zarge na waya, da 'yar raga da ke buɗewa a ciki ta kamo abu mai santsi. Ya kuma ce hoto ba ya nuna komai da komai. Ƙarfe yana fitowa, amma roba da katako da yawancin ƙayar kifi ba sa fitowa, har alminiyam ma yakan ɓace. Hoto ya fito fes ba ya nufin ba komai, idan mutum yana jin abu ko ya kasa haɗiyar miyau sai a yi sikanin ko a leƙa kai tsaye. A manya kuwa yawanci lomar nama ce ke tsayawa, ko ƙashi, ko haƙoran roba na tsofaffi, kuma idan loma ta tsaya wa babba sukan nemi dalili, don sau da yawa akwai wata tsukewa ko cuta a bututun tun da farko. Dabarar haɗiye wata babbar loma don ta tura abin ƙasa, ya ce ita ce ke mayar da ƙaramin aiki babba.

Shi ne ya fara ambata mini Chevalier Jackson, na nemi labarinsa a waya. Likita ne a Filadelfiya ta Amurka, ya rayu daga 1865 zuwa 1958, kuma shi ya gyara dabarun zura bututun ƙarfe a ciro abu daga maƙogwaro ba tare da yanka ba. Duk abin da ya ciro ajiyewa yake yi. Guda 2,374 suna nan a durowoyi a gidan tarihi na Mütter: fil, maɓallai, ƙusoshi, kuɗi, 'yan kayan wasa. Abin da ya fi tsaya mini a rai game da shi wani ne daban. Ya ga yara da yawa da suka sha sodar wanki ta ƙona musu bututun abinci har ya toshe, ya yi ta fafutuka sai da Amurka ta yi doka a 1927 ta tilasta a riƙa rubuta gargaɗin guba a jikin irin waɗannan kayan. Ƙunar da ya yaƙa ita ce dai ta dawo ta wata ƙofa. A 2022 Amurka ta sake yin wata dokar, mai ɗauke da sunan Reese Hamsmith, yarinya 'yar wata 18 da ta rasu a ƙarshen 2020 bayan ta haɗiyi batirin rimot. Dokar ta wajabta a yi gurbin batir yadda yaro ba zai iya buɗewa ba. Ostireliya ma ta fara aiki da irin wannan ƙa'idar a shekarar. Kamfanin Duracell kuma tun 2020 yake shafa wa wasu batiransa abu mai ɗaci don yaro ya tofar. Ni dai na fi yarda da murfin da aka ɗaure da noti. Yaro ɗan shekara 2 yana haɗiye abu kafin harshensa ya ba shi labari.

Da aka sallame mu, takardar gargaɗin ta fi ta magani tsawo: jini a amai ko miyau, baƙin kashi, zazzaɓi, tari ko shaƙewa lokacin shan ruwa, dushewar murya, ciwon wuya ko ƙirji, ƙin abinci. An ce abinci mai laushi kawai na wasu makonni, kuma kada mu yi tafiya nesa da asibitin da ke da likitocin tiyata. Na bi gidan kaf na tattara duk abin da ke aiki da irin batirin nan, kuma yawansu ya ba ni mamaki, har da katin gaisuwa mai kiɗa da takalmin yara mai walƙiya. Waɗanda murfinsu ba noti na fitar da su. Tsofaffin batiran na naɗe kowanne da salatif ta fuska biyu kafin in kai inda ake karɓarsu, don ko a shara wani yaron na iya tsinta.

Makonnin da ake tsoron jini suka wuce lafiya. Muka fara ba ta abinci mai ɗan tauri, sai uwarta ta lura da wani sabon hali. Takan tauna abu ta ajiye shi a kumatu, ba ta haɗiyewa. In ta haɗiye kuma sai ta miƙa wuya, ta nemi ruwa, wani lokaci lomar ta dawo yadda ta shiga. Ruwa da abu mai laushi suna wucewa ba matsala. Likitan ya riga ya faɗa mana hakan na iya zuwa: ƙuna idan ta warke tabo take bari, tabo kuma tsukewa yake yi, ga shi a cikin bututun da dama can siriri ne. Aka sake hoton farin ruwan nan, aka ga inda ya tsuke daidai wurin da batirin ya zauna.

Wannan karon likitan ciki ne ya yi aikin, da tiyo mai lanƙwasa, kuma ba cikin gaggawa ba. An ba mu rana, ta yi awannin rashin ci kamar yadda ƙa'ida ta ce, aka sa mata barci. Ya zura wata 'yar balan-balan a lanƙwashe ta cikin na'urar har tsakiyar tsukewar, ya cika ta da ruwa a hankali tana buɗa tabon. Ba a buɗewa gaba ɗaya a zama guda, don kada ya yage, shi ya sa wasu yaran sai an maimaita musu sau da yawa. A ranar muka koma gida. Ta yi kwana biyu tana ƙorafin maƙogwaro, daga nan ci ya dawo, har ta fara ƙwace na hannun yayanta. An ba mu ranar komawa, da sharaɗin in ta sake fara ajiye abinci a kumatu ko neman ruwa bayan kowace loma, mu zo kafin ranar.